Wa Ya Ba Su Izinin Sayar da Sunan Tasha?

A tsakiyar birnin Madrid akwai wani dandali da ake kira Puerta del Sol, wato Ƙofar Rana. Daga nan ake fara ƙidayar nisan manyan hanyoyin Sifaniya, a nan jama'a ke taruwa daren sabuwar shekara suna jiran bugun agogo, a nan kuma dubban matasa suka kafa tantuna a watan Mayun 2011 suna zanga-zangar rashin aikin yi da riƙon sakainar kashin da aka yi wa tattalin arzikin ƙasarsu. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke wannan dandali tana aiki tun 1919, kowa ya san ta da Sol. A 2013 hukumomin yankin suka karɓi yuro miliyan 3 daga kamfanin waya na Vodafone a kan yarjejeniyar shekara 3, tasha ta koma Vodafone Sol, layi na 2 ɗungurungum aka maƙala masa sunan kamfanin. Aka sauya alluna, aka sake buga taswira, har muryar da ke sanar da fasinja inda jirgi zai tsaya ta koma tana ambaton kamfanin waya. Da wa'adi ya cika a 2016 ba a sabunta cinikin ba, aka ciccire allunan.

Abin da ya faru a Madrid ya riga ya zama sana'a mai dillalanta. Ana yin sa a Filadelfiya da New York da Dubai da Jakarta da Kuala Lumpur, a birnin Rio ma an taɓa liƙa wa tashar Botafogo sunan Coca-Cola. Hujjar masu yi guda ɗaya ce a ko'ina: hukumar sufuri ba ta da kuɗi, suna kuwa abu ne da ba ya cin komai, in wani zai biya a kansa, me zai hana a karɓa? Hujjar tana da daɗin ji. Sai dai rabinta na farko ciniki irin wannan ba ya maganinsa, rabinta na biyu kuma ba gaskiya ba ne.

A fara da kuɗin, tunda a kansu aka jingina komai. A New York, tashar Atlantic Avenue–Pacific Street da ke Brooklyn, ɗaya daga cikin manyan mahaɗun jiragen birnin, ta koma Atlantic Avenue–Barclays Center a 2012, a kan dala 200,000 kowace shekara har shekara 20. Hukumar sufurin birnin tana kashe fiye da dala biliyan 19 a shekara wajen tafiyar da ayyukanta. In aka raba wannan adadi a kan mintunan shekara, kuɗin sunan ba zai riƙe hukumar na minti 6 ba. A Filadelfiya an sayar da sunan tashar Pattison ga kamfanin waya na AT&T a 2010, sannan ga kamfanin wutar lantarki na NRG a 2018, kowane ciniki a kan abin da bai wuce dala miliyan 5 da ɗoriya ba cikin shekara 5, wato kimanin miliyan 1 a shekara. Wannan kuwa tasha ce mai tsada, domin ita ce ke bakin filayen wasannin birnin, inda dubban mutane ke sauka duk ranar wasa. A 2025 hukumar da ta yi waɗannan cinikayya ta fuskanci giɓin dala miliyan 213 a kasafinta, har ta sanar da shirin rage zirga-zirga da kusan rabi da ƙara kuɗin mota da fiye da kashi 20 cikin 100. Kafin a cike wannan giɓi da kuɗin suna, sai an sami tasha wajen 200 masu darajar Pattison, da kamfanoni 200 masu son saye, kowace shekara. Shekara 15 ana sayar da sunaye a birnin, ranar da yunwa ta zo da gaske kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Mai kare cinikin zai ce da babu gara ba daɗi. Da abin da ake sayarwa bango ne ko gefen motar bas, da maganarsa ta zauna. Babu mai hankalin da zai hana hukumar sufuri ba da hayar allon talla, ko shagunan cikin tasha, ko jikin tarago. Amma suna wani abu ne dabam, kuma bambancin shi ne dalilin da ya sa kamfanoni ke kwaɗayinsa.

Talla ana iya kau da kai daga gare ta. Fasinja ya ga allo, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da duba wayarsa, an rabu lafiya. Suna kuwa dole a furta shi. Uwa da ke kwatanta wa ɗanta inda zai sauka, likita da ke rubuta wa majinyaci hanyar asibiti, ɗan jarida da ke ba da labarin haɗari, mai kiran motar ɗaukar marasa lafiya cikin ruɗewa, duk sai sunan kamfanin ya bi ta bakinsu, ko suna so ko ba sa so. Abin da kamfani ya saya ke nan: harshen mutanen gari. Hukuma ta karɓi kuɗi, jama'a suka zama 'yan talla ba lada, ba wanda ya nemi yardarsu. Har mai ƙaramin shagon waya da ke daf da Puerta del Sol, wanda ke sayar da layin wani kamfani, in zai kwatanta wa abokin ciniki inda yake, sai ya ambaci abokin hamayyarsa. Bahaushe ya ce suna linzami ne. Wanda ya riƙe linzami kuwa shi ke juya doki.

Ban da wannan, sunan tasha kayan aiki ne, daidai da layin dogo da fitilar ba da hannu. Aikinsa ya gaya wa mutum inda yake. Tashoshin layin Broad Street na Filadelfiya yawancinsu suna ɗauke da sunan titin da jirgi ke ratsawa a wurin: Snyder, Oregon, sai Pattison a ƙarshe. Baƙon da bai taɓa shiga birnin ba, in yana da adireshi a hannu, zai iya gane tasharsa daga taswira kawai. NRG ba titi ba ne, ba unguwa ba ce, ba wani gini ba ne da ke wurin. Haruffa uku ne da ba su nuna gabas ba su nuna yamma. An cire wa sunan aikin da aka raɗa shi dominsa, aka bar fasinja da haddar abin da ba shi da ma'ana. Ɗan gari da ya shekara 30 yana bin layin ba zai ɓata ba, zai ci gaba da cewa Pattison har ya mutu. Wanda zai ɓata shi ne baƙo, da tsoho, da makahon da ya dogara da sanarwar murya, da wanda bai iya karatun harshen ƙasar ba ya haddace sura da amon sunan kawai. Ribar ta tafi ofishin hukuma, asarar ta faɗa kan mutanen da ba su da bakin kai ƙara. Landan ta ɗanɗana wannan a taƙaice a watan Satumban 2023, lokacin da aka mayar da allunan tashar Bond Street suka koma Burberry Street na 'yan kwanaki don bikin nunin tufafi. Fasinjoji suka riƙa wuce tasharsu, ƙorafi ya yi ta kwarara, ƙungiyoyin naƙasassu suka yi tir da abin. Kwanaki kaɗan ke nan, a birnin da allunansa suka yi suna wajen tsari.

Inda abin ya fi muni shi ne rashin dawwama. Layin dogo ana gina shi ne don ƙarni guda ko fiye. Tashar Baker Street ta Landan tana amsa sunanta tun 1863. Yarjejeniyar suna kuwa shekara 3 ce, ko 5, ko 10, kuma kamfanoni suna mutuwa, suna haɗewa, suna sake suna, suna gajiya da biya. Dubai ce ta fi kowa nisa a wannan kasuwa, domin tun kafin a buɗe jirginta a 2009 aka fara tallar sunayen tashoshi, kuma duk ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ke zuwa saro kaya can bayan shekara biyu ko uku yana iya tarar da taswirar da ya sani ta canja. Tashar Dubai Marina ta zama DAMAC Properties, ta dawo Dubai Marina, ta sake zama Sobha Realty a 2021. Wata tashar a layi ɗaya ta taɓa amsa sunan Noor Islamic Bank, ta koma Noor Bank, da wani banki ya haɗiye Noor a 2020 aka kira ta Al Safa, a farkon 2023 kuma ta zama Onpassive. Suna aƙalla huɗu, wuri ɗaya, cikin shekarun da ba su kai na balagar yaro ba. Kowane sauyi yana nufin sababbin alluna, sabuwar taswira, sabon rikodin murya, gyaran manhajojin waya, da dubban takardun otal da katunan 'yan kasuwa da suka zama ƙarya dare ɗaya. Wani lokaci kamfanin da ya saya yana biyan kuɗin allunan hukuma. Ba ya biyan na mai otal, ba ya biyan lokacin wanda ya sauka inda bai nufa ba.

Labarin Onpassive bai tsaya a nan ba. Watanni kaɗan bayan sunan ya hau tashar, a watan Agustan 2023, hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta maka kamfanin da mai shi a kotu, tana zargin sun tara fiye da dala miliyan 100 daga dubban ɗaruruwan mutane ta hanyar tsarin nan na kawo wani a ba ka kaso. Hukuncin wannan zargi aikin kotu ne. Abin da ya shafi batun tasha shi ne abin da fasinja ke karantawa a allo. Mutumin da ya ga sunan kamfani a kan tashar gwamnati, cikin haruffan hukuma, tsakanin sunayen unguwanni, ba ya ɗaukarsa talla. Yana ɗaukarsa shaida: lalle wannan kamfani ya kafu, tunda har gari ya raɗa wa tasha sunansa. Wannan amincewa ita ce mafi tsadar abin da ke cikin cinikin, kuma ba ta shugaban hukumar sufuri ba ce balle ya jinginar da ita. Al'umma ce ta tara ta a hankali, tsawon shekaru, ta hanyar yarda cewa abin da aka rubuta a allon hukuma gaskiya ne.

Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, amma hukumomi suna yabon kamfani da zarar cakinsa ya shiga banki. Filayen wasa sun riga sun nuna inda hanyar ke kaiwa. Kamfanin Enron ya sayi sunan filin wasan Houston na shekara 30, ya rushe cikin abin kunya a ƙarshen 2001, ƙungiyar wasan ta biya fiye da dala miliyan 2 don ta karɓe sunan filinta. Gundumar Miami-Dade ta sayar wa kamfanin kuɗin intanet na FTX sunan zauren wasanninta a 2021 a kan dala miliyan 135 na shekara 19. Bai cika shekara 2 ba kamfanin ya durƙushe, aka koma kotu neman izinin sauke allo. Ko Barclays ɗin New York, a shekarar da sunansa ya hau tashar Brooklyn hukumomin Birtaniya da Amurka suka ci shi tarar fam miliyan 290 kan murɗe ma'aunin kuɗin ruwa. Wanda ba ya son filin wasa yana iya zamansa a gida. Mai zuwa aiki ba shi da wannan zaɓi game da tashar unguwarsu.

Akwai martani guda da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya fi sauran ƙarfi. Ai mutane da kansu suna kiran wurare da sunan kamfani. Duk wanda ya hau adaidaita sahu a Kano ya san Bata, mazaunin Abuja ya san Berger, na Kaduna ya san shataletalen Leventis. A Landan ma tashar Gillespie Road ta koma Arsenal tun 1932, kuma ba a sauya ba ko da ƙungiyar ta bar tsohon filinta a 2006. To mene ne laifin a yi da gangan abin da jama'a ke yi da kansu?

Amsar tana cikin yadda waɗannan sunaye suka samu. Bata ta zama Bata ne domin shagon takalmin yana wurin, shi ne abin da ido ke fara gani, direba da fasinja suka ga ya fi sauƙin kwatance. Sunan ya fito daga wurin, kuma da ya kama sai ya zama na jama'a. Kamfanin ba zai iya janye shi ba, wani ba zai iya zuwa da kuɗi mafi tsoka ya maye gurbinsa ba. Yau yaro yana cewa Bata bai san da wani takalmi ba. Irin wannan suna laƙabi ne da gari ya ba wuri. Na ciniki kuwa haya ce, ranar da kuɗi ya ƙare a kwashe kaya.

Daga nan ake gane raunin misalan da masu cinikin suka fi son kawowa, wato na asibitoci da jami'o'i. A Cleveland, asibitoci biyu sun haɗu a 2008 sun biya dala miliyan 6.25 na shekara 25 aka kira layin bas na titin Euclid da HealthLine, kuma layin yana bi ta ƙofarsu. A Filadelfiya, Market East ta zama Jefferson a 2014, University City ta zama Penn Medicine a 2020, dukansu asibitocin suna kusa. Waɗannan sun fi NRG ma'ana, ba musu. Sai dai tambayar mai sauƙi ce. In sunan asibiti shi ne ya fi taimakon fasinja, ya kamata a sa shi kyauta, domin aikin hukuma ke nan. In ba shi ne ya fi ba, babu adadin kuɗin da zai mayar da shi daidai. Da zarar an sa farashi, har sunan da ya dace sai ya zama abin garkuwa. An ga haka a New York a 2009, lokacin da aka rushe filin wasa na Shea aka buɗe Citi Field a gefensa: da ba a daidaita kan biya ba, hukumar ta ƙi sa sunan sabon filin a tashar, ta kira ta Mets–Willets Point. Ko wane suna ne ya fi dacewa, abin da ya yanke hukunci a ranar shi ne wa ya biya da wa bai biya ba, fasinja bai shigo lissafi ba.

Abin da ya fi ba da haushi a duk al'amarin shi ne cewa masu cinikin sun gano gaskiya guda sannan suka yi mata riƙon banza. Gaskiya ne kamfanoni suna cin moriyar sufurin jama'a, kuma ya kamata su biya. Jirgi ne ke kawo musu ma'aikata da safe, shi ke kawo abokan ciniki, shi ke ninka darajar filin da ke kusa da tasha. Ƙasashen da suka ɗauki wannan da gaske ba su tsaya roƙon kuɗin allo ba. Faransa tun 1971 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata a yankin Paris wani haraji a kan jimillar albashin da suke biya, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran birane. Yau yana hawa kan duk mai ma'aikata 11 ko fiye, kuma yana cikin manyan ginshiƙan da ke riƙe da sufurin biranen ƙasar. Landan, da za ta gina layin da ake kira Elizabeth yanzu, ta ƙara wani ɗan kaso a harajin manyan gine-ginen kasuwanci daga 2010 don tara kimanin fam biliyan 4. Hong Kong ta ba kamfanin jirginta damar gina gidaje da kantuna a saman tashoshi, ribar ta koma cikin layin dogo. Ana maganar biliyoyi ke nan, kuma babu tasha ko ɗaya da ta rasa sunanta a dalilinsu.

Waɗannan hanyoyi suna da wuya, domin sai an yi doka, an yi jayayya a majalisa, an ɓata wa masu hannu da shuni rai. Sayar da suna ba ya buƙatar ko ɗaya: taron manema labarai ne, da yanke ƙyalle, da hoton shugaban hukuma yana musabaha da shugaban kamfani. Ɗan siyasa ya nuna ya yi wani abu ba tare da ya ƙara haraji ba, kamfani ya fito a matsayin mai taimakon al'umma a kan kuɗin da bai kai abin da yake kashewa a tallar talabijin ba. Sannan kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ke jiran cakin kamfani duk shekara, kuma take fatan ya sabunta yarjejeniya, ba ita ce za ta fito da ƙarfi tana neman a ɗora masa harajin sufuri ba.

Maganar ba ta yi nisa da gida ba kamar yadda take a da. Legas ta fara jigilar fasinja a layinta mai launin shuɗi a 2023, ja ya biyo baya a 2024, shekarar da aka farfaɗo da jirgin cikin garin Abuja. Dukansu za su nemi kuɗin gudanarwa, kuma dabarar da ta zaga Dubai da Jakarta ba ta da wuyar tsallako teku. Ƙasar ma ta riga ta saba wa kallon sunan tasha a matsayin kyautar da mai mulki ke rabawa: a 2020 an raɗa wa tashoshin layin Legas zuwa Ibadan da na Itakpe zuwa Warri sunayen fitattun mutane, har ta kai matafiyi sai ya tambaya wace ce tashar Mobolaji Johnson kafin a ce masa ai Ebute Metta ce, wace ce ta Obafemi Awolowo a ce masa Moniya. Wanda ya saba ba da suna kyauta don siyasa, ba zai ji nauyin sayar da shi don kuɗi ba. A layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, matafiya suna cewa Idu da Kubwa da Rigasa, kuma tsohuwar da aka sa a jirgi aka ce mata ta sauka a Rigasa ta san inda za ta. Kare wannan ba ya buƙatar kasafi. Sakin layi ɗaya ne a dokar da ta kafa kowace hukumar sufuri, wanda zai ce sunan tasha na wurin da take ne, ba a sauya shi sai an ji ta bakin mazauna unguwar, kuma ba a karɓar kuɗi a kansa. Kamfanin da ya gyara tasha ko ya sa mata fitilu a rubuta masa godiya a wani allo dabam, a bakin ƙofa, ƙasa da sunan.